Ranar da Auta Ya Zaga Layi Neman Gafara

Sana'ata sayar da tayil. Na zo Abuja daga Zariya ina saurayi, na fara da tallan agogo a tashar Nyanya, na yi dako a kasuwar kayan gini, na kafa tebur, daga baya Allah ya ba ni shago. A shekarun da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, garin nan gina shi ake yi da gudu. Duk inda ka waiga ko rami ake haƙawa ko bene ake ɗorawa. Kowane babban ma'aikaci yana son gida a Maitama, kowace Hajiya tana son banɗakinta ya fi na maƙwabciyarta sheƙi. Ban yi boko mai nisa ba, amma kasuwa ta koya mini kallon mutane. Mutum yana shigowa shago nakan gane ko saye ya zo yi ko shan iskar fanka.

Da abubuwa suka buɗe sai na aika gida aka turo mini ƙanena. Shi ne na ƙarshe a ɗakin Inna, don haka kowa Auta yake ce masa, har matarsa idan ta manta. Na haɗa shi da masu shimfiɗa tayil mutanen Kwatano, waɗanda a lokacin su ke riƙe da aikin a Abuja. Kafin a jima ya kama su, har ya wuce wasunsu. Idan Auta ya shimfiɗa maka falo, ka zuba ruwa a tsakiya ba zai san inda zai gangara ba. Ni in sayar, shi ya shimfiɗa. Ya yi aure, ya kama ɗaki ciki da falo a Karmo, aka haifa masa mace, sannan namiji.

A wani gini a Maitama ya faɗo daga matakalar da ba a gama ba, ya bugu a ƙugu. A asibiti suka ba shi maganin ciwo, suka ce ya kwanta ya huta. Amma mai gidan tana son tarewa kafin bikin 'yarta, bayan nata kuma akwai wasu gidajen suna jira. A wancan zamanin wanda ya kwanta, kafin ya tashi wani ya karɓe aikinsa. Aikin tayil kuwa a durƙushe ake yin sa daga safe har yamma. Da maganin asibiti ya ƙare sai ya nufi kemis ɗin unguwa, daga kemis ya koma wajen masu tebur a bakin tasha. Tramol. Ba shi kaɗai ba ne. Leburori da yawa da shi suke karya kumallo, a jefa a shayi a kurɓe, a ɗauki buhun siminti kamar matashin kai. Ba wanda yake kallon abin a matsayin shaye-shaye. Maganin ƙarfi ake ce masa.

A aikinsa na fara gani. Layin tayil ya fara karkacewa. Wani darakta ya aiko direbansa ya ce oga ya ce a zo a ga yadda tayil yake ɗagowa a ɗakin baƙi. Sai rama, sai saurin fushi, sai barci a zaune ana tsakiyar magana. Wata rana matarsa ta zo shago da goyo, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙi zama.

"Yaya, ni ban zo kawo ƙara ba," in ji ta. "Amma jiya faɗuwa ya yi yana karkarwa, kumfa a baki, a gaban yara. Da ya farfaɗo abin da ya fara lalube aljihunsa ne."

A layinmu na kasuwa, na 'yan Zariya da Kano da Katsina, ba a kai irin wannan asibiti. Abin gida ne, a gida ake rufe shi. Muka yi abin da kowa yake yi. Akwai ɗaki a bayan gidana a Nyanya inda nake ajiye ragowar kaya. Muka kwashe kayan, muka shimfiɗa katifa, muka sa shi ciki muka kulle. Ana kai masa kunu da rubutu. Kwanakin farko ya yi amai, ya yi gumi, ya doki ƙofa har hannunsa ya kumbura, ya zage ni zagin da ban san ya iya ba. Daga baya ya yi shiru. Bayan 'yan makonni muka buɗe, ya fito a rame, idonsa fes. Mutanen layi suka yi ta zuwa yi mini barka. Ni ma na ɗauka an gama.

Ya koma Karmo, amma bai koma aiki ba. Yakan zo shago ya zauna a kan kwalin tayil, ya zuba wa titi ido. In ka yi masa magana ya amsa da kalma ɗaya. Matarsa ta ce abinci sai ta yi da gaske, yara in sun hau jikinsa sai ya sauke su a hankali kamar kayan wani. Muka ce jiki ne bai gama dawowa ba.

Sai wani mako ya canza gaba ɗaya. Ya yi aski, ya sa farar shadda, ya riga kowa sahun gaba a masallacin kasuwa. Ya yi dariya har da tsokanar masu shayi. Ya sa matarsa da yara a mota zuwa Zariya, wai su je su gaida Inna su kwana biyu. Ranar wata Laraba bayan azahar ya fara daga shagon farko na layinmu, yana shiga yana fita. Ina zaune ina hango shi. Kowane shago sai ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Na zo neman gafara. Duk abin da na yi muku, da sani da rashin sani, ku yafe mini."

Layi ya ɗauka. Wani dattijo mai sayar da fenti har da hawaye. Ana ta cewa, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kai, Auta ya shiryu." Wani ya leƙo ya ce mini, "Alhaji, ɗakin nan naka ya fi asibitin Turai."

Maƙwabcina na dama ɗan ƙabilar Ibo ne, yana sayar da kayan banɗaki. Shekaru muna tare, Hausarsa ta kasuwa ce. Shi da Auta kullum cikin faɗan wasa suke a kan injin yankan tayil, domin yakan ara ya ƙi mayarwa sai an bi shi. Sai ga shi ya shigo shagona rungume da injin.

"Oga Alhaji, wannan ƙaninka lafiya? Ta zo ta ce in yafe shi. Na ce yafe me, ni ne kullum ina ɗauka kayanka. Sai ta ba ni injin. Kyauta! Na ce Auta, kai da kake bi na har bayi saboda wannan injin?"

"Ya ce ka riƙe masa ne, ko ya ba ka?"

"Ta ce nawa ne har abada. Har da igiyan wuta da sabon reza. Ni ban so, Oga. Abin bai yi mini daɗi a ciki ba."

Ya ajiye injin a gabana ya fita. Na daɗe ina kallon injin. A sana'ata na sha sayen kayan shagunan da za a rufe, kuma na san bambancin masu sayarwa. Wanda kasuwa ta yi wa nauyi amma yana da niyyar dawowa, yakan sayar da kaya ya bar katakon jera kaya da sikeli. Yakan yi ciniki da zafi, ya yi fushi in ka taya da arha. Wanda ya gama da kasuwa kuwa ba ya jayayya. Fuskarsa a sake take, yana murmushi, ya haɗa maka har da kujerar da yake zama da kwaɗon ƙofa. Irin wannan sakin fuskar na gani a wajen Auta tun farkon makon, na kira shi samun sauƙi.

Sai na shiga lissafin lokutan da mutanenmu suke zagawa neman gafara. In mutum zai tafi Makka. In za a shiga da shi tiyata. In azumi ya ƙarato. In tsoho ya ji jikinsa ya gaya masa. Auta bai biya kujerar Makka ba, ba a sa masa ranar tiyata ba, azumi da saura. To ina za shi?

Bayan la'asar na tsaya da limamin masallacin kasuwa. Mutumin kirki ne, shi ya riƙa rubuta wa Auta rubutu ba tare da ya karɓi komai ba. Na same shi cikin farin ciki.

"Alhaji, ka ga ikon Allah? Wannan ita ce tuba ta gaskiya. Har ni ya zo ya durƙusa."

"Malam, ni tsoro nake ji. Ya tura iyalinsa gida, ya ba da kayan aikinsa. Ina ganin kamar sallama yake yi."

"Sallama zuwa ina?"

Na faɗa masa abin da nake zargi. Ya ja da baya kamar na watsa masa ruwan zafi.

"Subhanallahi! Musulmi mai salla a sahun gaba? Alhaji, kada ka yi wa ɗan'uwanka mugun baki. Kuma ko da wasa kada ka furta masa wannan kalma, kada ka sa masa abin da babu a ransa."

Na yi masa godiya. Ban yi musu ba, domin a karatu ya fi ni nesa. Amma ni abin da na sani shi ne, in kana son sanin kuɗin kaya tambaya ake yi. Ba a tsayawa daga nesa ana hasashe.

Na samu Auta a bakin shago na ce ya raka ni Maitama in kai samfur, daga nan mu wuce gidana ya ci abinci tunda iyalinsa ba sa nan. Ya so ya zame, ya ce yana da abin yi a Karmo. Na ce abin ya jira. Na kai samfurin, muka kamo hanyar Nyanya daidai tashin ma'aikata. Wanda ya san hanyar nan ya san yadda take da yamma. Motoci sun cushe tun daga wani gangare, ba gaba ba baya, rana tana dukan gilashi, masu tallan ruwa da gyaɗa da cajar waya suna ratsawa. Da gangan na biyo da shi a wannan lokacin. A cikin cunkoson nan ba inda mutum zai tashi ya tafi, kuma ba sai an kalli juna ba.

Shi ya fara. Ya gyara zama ya ce, "Yaya, dama kai na bari a ƙarshe. Kai ka kawo ni garin nan, ka koya mini sana'a, ka yi mini aure. Na saka maka da zagi da kunya. Don Allah ka yafe mini."

A al'adarmu amsar wannan ɗaya ce, kuma ba a jinkirta ta. Bakina har ya buɗe da ita.

"Ban yafe ba," na ce.

Ya juyo ya kalle ni.

"Yaya?"

"Ban yafe ba. Wanda zai yi tafiya ake yafe wa a tsaye. Kai ina za ka?"

"Ba inda za ni. Tuba na yi."

"Mai tuba yana riƙe injinsa, don da shi zai ciyar da 'ya'yansa. Auta, zan tambaye ka abu, kuma ba na son kwana-kwana. Kashe kanka kake shirin yi?"

Ban taɓa furta wannan kalma ga wani mutum ba. Ta fito da nauyi, ta zauna a tsakaninmu. Wata mai tallan ayaba ta ƙwanƙwasa gilashi, ta gaji ta wuce. Motar gabanmu ta matsa kaɗan, na bi ta, muka sake tsayawa. Bai ce a'uzubillahi ba, bai yi fushi ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na ji sanyi.

"Wa ya gaya maka?" ya ce a hankali.

"Kai ka gaya wa layi gaba ɗaya. Ba wanda ya ji ne."

Sai ya sa fuska a tafin hannu. Ba kuka mai sauti ba ne, kafaɗunsa ne kawai suke rawa. Da ya samu magana sai ya ce, "Yaya, kun cire ƙwayar, amma ba abin da ya dawo wurinta. Tun da na fito ɗakin nan ban ji daɗin komai ba. 'Yata tana dariya ina kallonta kamar a talabijin. Bayana yana ciwo kamar ranar da na faɗo. Daga ɗakina zuwa bakin titi masu sayarwa sun san ni, har gaishe ni suke yi. Na san zan koma. In na koma za ku sake kulle ni. Na gaji. Ita ma matata, 'yar mutane, ta huta."

"Ka san hukuncin abin."

"Na sani, Yaya. Shi ya riƙe ni har yau. Amma kwanan nan ko shi ba na ji."

Daga nan ban ƙara kawo maganar wuta ko aljanna ba. Ya fi ni sanin su, kuma ba su ne suka rage masa ba. Na tambaye shi ko ya tanadi wani abu. Ya faɗa mini abin da ya tanada da inda ya ajiye shi a ɗakinsa. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce daren Juma'a ya sa a ransa.

Na danna makullin ƙofofin mota, ya ji ƙarar, ya yi wani murmushi mara daɗi.

"Wani ɗakin za ka kai ni?"

"A'a. Wannan karon wajen waɗanda suka san aikin za mu."

Muka rarrafa har inda ake juyawa, na karya kan mota muka koma cikin gari. Hannun da ke shiga Abuja a wannan lokacin fayau yake. Muna gudu, dubban motoci a ɗaya hannun suna tsaye suna kallonmu.

A asibitin gwamnati, bayan jira mai tsawo, aka kai mu wajen wata likita ta ɓangaren ƙwaƙwalwa, 'yar arewa, ba ta kai ni shekaru ba. Ta yi masa tambayar da na yi masa, ba ta ko rage murya ba, kamar tana tambayar ciwon kai. Daga nan ta saurare shi shi kaɗai, sannan ta kira ni. Ta ce irin wannan ƙwaya takan danne wa mutum ciwo da damuwa tare, in an cire ta farat ɗaya sai su taso masa gaba ɗaya, ga jiki ya manta yadda ake jin daɗi ba tare da ita ba. Ta ce lokacin da dangi suke murna an rabu da ƙwaya, sau da yawa shi ne lokacin da ya fi hatsari. Na gaya mata batun ɗakin bayan gidana. Ba ta zage ni ba. Ta ce akwai hanyar janye mutum a hankali da magani, a kuma duba ciwon bayan da ya fara kai shi. Na tambaye ta ko tambayar da na yi masa za ta iya sa masa abin a rai.

"Alhaji, tambaya ba ta sa wa mutum wannan," in ji ta. "Wanda abin ke ransa, yawanci jira yake wani ya tambaya."

Suka kwantar da shi. Washegari da safe na je Karmo da makullinsa, na kwashe abin da ya faɗa, da duk wani abin da idona bai yarda da shi ba. Ɗakin a share yake tas, ya wanke kayansa ya ninke, takalman yara a jere. Na kira matarsa na ce ta dawo, na gaya mata gaskiya duka, domin ita za ta zauna da shi. Inna kuwa na ce mata ciwon baya ne ya tashi. Har ta rasu iyakar abin da ta sani ke nan.

Layi bai ji daɗin yadda labarin ya juya ba. Sun fi son na farko, na mai shaye-shayen da ya tuba ya sa farar shadda. Yanzu sai ga shi ana cewa yana asibitin masu taɓin hankali, kuma yayansa ne ya kai shi da hannunsa. Wasu suka ce na tona asirin gida. Masu ba shi aiki suka daina tambayarsa. Liman dai ya je duba shi, ya zauna a bakin gado ya daɗe, bai yi wa'azi ba. Da muka fito ya ce mini, "Alhaji, ni ban san ana yin haka ba." Na ce ni ma ban sani ba.

Bayan an sallame shi na dawo da su kusa da ni a Nyanya. Ba warkewa ya yi irin ta labari ba. Da damina ta zagayo bayansa ya matsa, ya koma wa ƙwayar. Bambancin kawai shi ne wannan karon da bakinsa ya gaya mini, muka koma wajen likita, ba a kulle kowa ba. Durƙuson tayil ya ƙare masa. Yana zama a shagona yana nuna wa masu saye kaya, yana gaya musu wanda zai yi santsi a banɗaki da wanda ba zai yi ba. Wani lokaci in ga ya bi gefen tayil da yatsa, ya ajiye. Mutumin da ya shimfiɗa falon manyan Maitama, yanzu masu shigowa suna ce masa yaron shago.

Likitar ta ce kada in daina tambaya, don haka muka mayar da ita kamar gaisuwa. Kullum da safe in na ɗauke shi a mota, bayan ina kwana sai in ce, "Yau fa?" Yakan ce da sauƙi, ko ya ce da nauyi. Ranar da ya ce da nauyi ba na barin sa shi kaɗai. In ina da kai kaya tare za mu, in ba ni da shi mu zauna a shago har a tashi, in kuma abin ya yi yawa mu nufi asibiti ko ba ranarmu ba ce. Na sha rasa ciniki saboda haka. Ranakun nauyin sun ragu, amma ba su ƙare ba, kuma na daina sa ran za su ƙare.

Kwanan baya ya ce da nauyi. Akwai wani ɗan kwangila da ke jirana a wani gini, na kira shi na ce sai gobe, ya yi ta faɗa na kashe wayar. Muka zauna a shago, ana ruwa, ba mai shigowa. Can sai Auta ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Yaya, ka san ban taɓa yi maka godiya ba a kan ranar nan."

"Na sani."

"Wasu ranakun haushinka nake ji."

"Ji abinka," na ce. "Gobe ma ka zo ka ji."

Ya jawo kujerarsa daga bakin ƙofa inda feshin ruwa yake taɓa shi, ya matso ciki kusa da ni, muka ci gaba da zama.